Matakin Ƙafar Hagu

Jirgin ƙasa bai taɓa shiga Sakkwato ba. Hanyar dogon da ta taso daga Zariya ta ratsa Gusau, ta tuƙe a Ƙaurar Namoda cikin shekarar 1929, har yau kuwa ba ta ƙara gaba ba. Saboda haka duk abin da zai fita daga birnin Shehu ya nufi bakin teku, ko fatar jar akuya ce, ko ƙirgi, ko gyaɗa da auduga, in ba a bayan raƙumi ko jaki aka aza shi ba, to, a bayan mota ya tafi, tafiyar fiye da mil 120 kafin a kai tashar Gusau. Wannan ne ya sa mutanen Sakkwato suka san darajar direba da makanike tun da wuri. Wanda motarsa ta taɓa mutuwa tsakanin Tureta da Talatar Mafara, ga rana ta take, ga ruwan gora ya ƙare, shi ya san abin da a ke nufi da gwanin gyara.

Cikin ƙananan motocin wancan zamani babu wadda ta yi suna a ƙasar kamar Land Rover. Kamfanin Rover ne ya ƙera ta a garin Solihull na Ingila, aka fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam cikin watan Afrilu na 1948. Yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, ƙarfe ya yi wuya, sai suka yi gangar jikinta da alminiyam, wanda ba ya tsatsa. Ƙafafunta huɗu duk suna iya ja. Don haka ta zama motar rangadi. Di'o da likitan dabbobi da malamin gona da manyan ma'aikatan En'e, ita su ke shiga su keta yashin Gwadabawa da Tangaza, inda wata mota ba ta isa ta sa ƙafa ba.

Wani direban En'e ya sayi ɗaya daga cikinsu a gwanjo, ƙirar 1957, bayan ta gama bautar hukuma. Sitiyarinta a hannun dama ya ke, gama sa'ad da aka kawo ta hannun hagu a ke bi a Nijeriya, sai ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma dama. Ya yi ta jigilar albasa da shinkafa da ita daga fadama zuwa kasuwa, da ita ya aurar da 'ya'yansa, har tsufa ya hana shi tuƙi. Da Allah ya yi masa rasuwa sai ta zauna gindin wani dogonyaro a ƙofar gida, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujerarta. 'Yan gwangwan suka yi ta zarya. Su ba mota su ke gani ba, kilo nawa na alminiyam su ke ƙiyastawa. Magada suka ce a sayar a raba, kowa ya huta. Babban ɗan, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya roƙi a ba shi lokaci. Aka daidaita a kan cewa in ta tashi ta yi tafiya da ƙafarta kafin azumi, a yi mata kuɗin mota a sa cikin kasonsa. In ta gaza, a kira masu ma'auni su farfasa ta.

Samarin wani gareji suka zo, kuma a gaskiya sun yi ƙoƙari. Suka wanke tankin mai, suka sa batir, suka gyara birki, inji ya tashi yana bugawa lafiya lau. Amma da aka taka kuloci aka nemi sa giya, sai ta yi ta gurnani kamar kare ya ga baƙo, ta ƙi shiga. Suka ce farantin kuloci ya ƙone, sai an sauke giyabos. A irin wannan mota kuwa sauke giyabos ba ƙaramin aiki ba ne, domin sai an ɗaye daɓen mota, an cire akwatin kujera, sa'an nan a ɗago shi ta ciki. Faranti kuma sai an aika Ingila, ba a san ranar zuwansa ba. Azumi saura mako uku.

A nan ya kamata mai karatu ya san abin da a ke kira kuloci, domin da yawa suna taka shi kullum ba su san abin da su ke takawa ba. Inji yana juyi ba tsayawa muddin yana kunne, ƙafafun mota kuwa wani lokaci tilas su tsaya. Saboda haka ana bukatar abin da zai haɗa su, ya kuma raba su sa'ad da a ke so. A bayan inji akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi. A jikinsa a ke jingina wani faranti mai faɗin inci 9, wanda aka lulluɓe fuskokinsa biyu da abu mai kaushi irin na birki, shi ne kuma ke riƙe da sandar da ta shiga giyabos. Wani murfi mai sifirin da yawa yana danne farantin a jikin faifan, danni mai tsanani, har su zama kamar abu ɗaya. In direba ya taka matakin hagu, wani boris yana matsawa ya tura 'yan yatsu uku na murfin, dannin ya saki, faifai ya yi ta juyinsa shi kaɗai, faranti ya tsaya, giya ta shiga shiru.

To, amma ƙafar direba tana nan, boris yana can cikin duhu. Wane ne manzo tsakaninsu? Masu ƙira sun bi hanya uku. Akwai motocin da waya ce ke kai saƙon, kamar Volkswagen mai siffar kunkuru da aka yi ta haɗawa a Ikko daga 1975. Akwai waɗanda mai irin na birki ke kaiwa ta cikin siririn bututu, kamar Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, da ita Land Rover kanta tun daga ƙirar 1958. Hanyar da ta girme su duka kuwa ita ce ta sandunan ƙarfe, wannan ya ja wancan, wancan ya murɗa na gaba, har saƙo ya isa. Motar marigayin tana cikin na ƙarshen masu sanduna. Samarin gareji ba su taɓa cin karo da irinta ba, ba kuwa laifinsu ba ne, mutum ba ya sanin abin da bai tarar ba.

Alhaji ya tuna da wani abokin mahaifinsa, tsohon makanike, wanda ya koyi aiki a ma'aikatar En'e tun yana saurayi. Yanzu ya haura tamanin, idonsa ya yi hazo, hannunsa yana rawa, jikansa ne ke riƙe da 'yar rumfar gyaransa. Alhaji ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya kwashe labari ya faɗa masa.

Tsoho ya ce, "Ɗana, kahin mahaihinka shi aje tuƙi, mi yac ce game da giyar?"

Ya ce, "Baba, ya daɗe yana cewa ta yi taurin kai, sai ya danna ƙafa har ƙasa kana ta shiga."

"Ya taɓa cewa tana wari awa an ƙona tsumma, ko inji na ihu mota ba ta tahiya?"

"A'a, Baba, ban taɓa ji ba."

Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya ce wa jikan, "Abokina, ɗauko akwatin nan nawa na ƙarƙashin gado, da littahin."

Tambayar nan ba ta banza ba ce. Ciwon kuloci iri biyu ne, kuma kishiyoyin juna ne. In faranti ya cinye ko ya ƙone, kuloci ba ya kamawa: giya tana shiga salin alin, amma a kan tudu inji ya yi ta ruri, mota tana jan ciki, wari yana tashi. In kuwa giya ce ke kuka, to, kuloci ba ya saki ke nan. Wanda ya ji kukan giya ya ce faranti ya ƙone, ya kama jela ya bar kai. Akwai dai wani abu na uku da ke samun motar da ta daɗe a ajiye, watau tsatsa ta manne faranti da faifai. Tsoho bai manta da wannan ba. Amma tun da ciwon ya riga ajiyar, zatonsa ya fi ƙarfi a wani wuri.

Da suka iso kan kabu-kabu, bai ce a tada inji ba. Ya sa aka shimfiɗa masa tabarma kusa da ƙofar direba, ya miƙa hannu ya danna matakin hagu a hankali. Matakin ya tafi luu, ba abin da ya tare shi, sai da ya ci fiye da rabin hanyarsa kana ya ji nauyi. Ya sa jikan ya kafa rula a daɓe ya auna. Inci 3 da 'yan kai.

Littafin nan da ya sa aka ɗauko tsohon littafin rubutu ne na 'yan makaranta, bangonsa ya yi baƙi da giris. Shi tsohon ya iya ajami tun yana yaro, amma boko sai a ajin Yaƙi da Jahilci ya koya, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a farkon shekarun 1950. Da yamma bayan an tashi daga aiki ya ke zuwa, har ya sami takardar shaida. Abin da ya fara yi da karatun shi ne kwafe lambobin da ke cikin littafin gyara na ma'aikata, yana tambayar babban makanike ma'anarsu, yana rubutawa da Hausa. Jikan ya buɗe inda aka nuna masa ya karanta: sararin matakin kuloci, kashi 3 cikin 4 na inci. A awon yau wajen milimita 20 ke nan, kaurin babban yatsa. Wannan mota kuwa ta ninka haka sau huɗu.

Duk da haka tsoho bai yarda da zato kawai ba. Ya sa aka tokare ƙafafun gaba da duwatsu, aka ɗaga ƙafar baya guda da jak, aka cusa gungumen itace ƙarƙashi, gama ya hana jikan shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Aka sa giya ta huɗu inji yana kashe, aka saki birkin hannu. Alhaji ya kama taya ya juya, ta ƙi, domin inji ya riƙe ta. Jikan ya shiga ƙarƙashi ya kama ainihin sandar da ta shiga gidan kuloci da wani dogon ƙarfe, ya murɗa ta da ƙarfinsa, watau ya tsallake dukan manzannin ya kai saƙon da kansa. Sai ga taya tana juyawa a hannun Alhaji kamar ta keke.

Tsoho ya ce, "Kun gani? Lahiyatai lau. Sarki na ji, 'yan aike na ba su kai magana."

Daga nan aka shiga neman inda saƙon ke zubewa. Matakin irin wannan mota ta cikin daɓe ya ke fitowa, gindinsa yana lilo a kan wata sanda da ke jikin shasi, watau ƙashin bayan mota. Daga nan wata siririyar sanda mai noti a bakinta ta tafi ta kama wani hannu, hannun yana murɗa wata gajeruwar sanda da ke kwance a gicciye, ita kuma an haɗa ta da sandar gidan kuloci da wani ɗan bututu mai fin biyu. Alhaji yana danna mataki da hannu, jikan yana dafa kowace gaɓa da yatsa, yana faɗin abin da ya ji. Babu gaɓar da ba ta kaɗawa. Ko wace ɗaya tana cin nata kaɗan kafin ta miƙa saura, kamar kuɗin da aka aika ta hannun mutum biyar.

Wani zai ce, ɗan sakin da bai fi kaurin ƙwayar dawa ba, ina zai hana mota tafiya? Lissafi ne zai amsa masa. An yi matakin da tsawo domin ƙafa ta ji sauƙi, saboda haka ƙafa tana yin doguwar tafiya, sandar ƙarshe tana yin gajeruwa. A ce, a misali, in ƙafa ta yi inci 5 sanda ta yi inci 1. To, in gaɓoɓi huɗu kowace ta ɓatar da kashi 1 cikin 8 na inci, an rasa rabin inci ke nan a ƙasa, wanda ya zama inci 2 da rabi a wajen ƙafa. Mataki ya kai daɓe, boris bai gama tura 'yan yatsu ba, faranti yana nan yana gogar faifai, giya ta yi kuka. A bututun nan mai fin biyu abin ya fi muni, domin kusa da tsakiyar juyi ya ke, ɗan saki kaɗan a wurin yana zama babba a bakin hannu.

Wajen kwancewa sai sifanun jikan suka ƙi zama a kan noti, wannan ya yi yawa, wancan ya yi kaɗan. Ya ɗauko filaya zai kama, tsoho ya buge masa hannu da carbi. Ya buɗe akwatinsa ya fito da nasa, baƙaƙe, sun sha hannu. Notunan tsofaffin motocin Ingila ba na milimita ba ne, suna bin awon da wani injiniya mai suna Joseph Whitworth ya tsara a 1841, lambar da ke jikin sifana kuwa kaurin ƙusar ta ke faɗi, ba faɗin kan noti ba. Noti nawa aka lalata a garejin ƙasar nan saboda rashin sanin wannan! Kafin a taɓa notin bakin siririyar sanda, ya sa aka ƙirga tiredin da ya rage a waje, watau layukan nan da noti ke bi, aka rubuta. Duk abin da aka cire a jera shi a kan buhu bi da bi, na dama a dama, na hagu a hagu.

Aka wanke su da kananzir a cikin tsohuwar tasa. Da baƙin ya fita sai ɓarna ta bayyana. Hudojin da aka yi su zagayayyu sun koma kamar ƙwai. Fina-finan kowane ya yi wuya, kamar yadda igiyar guga ke cin itacen bakin rijiya. A wuri ɗaya ma ba fin ba ne, ƙusar kafinta ce aka zura aka lanƙwasa, a maimakon sifirin da ke maido da mataki kuma an ɗaura tsinken robar taya. Alhaji ya sunkuyar da kai. Tsoho ya ce kada ya ji kunya, dabarar daji ce, ita ta kawo mahaifinsa gida wata rana. Laifinta ɗaya, an bar ta ta shekara ashirin.

Abin da ya cinye ƙarfen nan ba nauyin ƙafa ba ne kawai. Duk wanda ya yi hunturu a Sakkwato ya san ƙurar da ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. Gaɓoɓin nan a fili su ke a ƙarƙashin mota. In aka shafa musu giris aka bar shi, ƙura ta bi ta manne, ya zama kamar toka da yashin da mata ke dirje tukunya da su. Kowace takawa dirza ce. Direban da ke yawo cikin gari yana taka kuloci sau ɗaruruwa a yini.

Sabbin kayan ba su a kasuwa, sai dai a yi su. Kashegari suka nufi Maƙerar Assada, unguwar da aka san ta da ƙira tun zamanin masu jihadi, da kayan a cikin buhu. Mai walda ya cike hudojin da suka buɗe, aka goge da magagari har suka yi daidai da jiki, aka buga alama a tsakiya, aka sake hudawa. A nan tsoho ya tsaya kai da fata a kan a auna nisan huda daga gindin hannu kafin a cike ta, domin in sabuwar huda ta goce ko kaɗan, tsawon hannu ya sāke, nauyin mataki ma ya sāke. Wajen fin, maƙeri ya kawo guntun rodin gini. Ya ƙi. Ya ce wannan ƙarfe ne mai taushi, wata uku ba zai yi ba. Suka tona tarin tsofaffin ƙusoshin inji suka zaɓi masu ƙarfi, aka yanke wajen da ba tiredi, aka huda bakin kowane domin ɗan makullin da ke hana shi zamewa. Gindin mataki kuwa aka kai wa mai injin fiƙe ƙarfe ya yi masa sabon bushin na tagulla. Jikan ya ce me zai hana a yi shi da baƙin ƙarfe ya fi daɗewa? Tsoho ya ce da gangan a ke sa mai taushi a wurin. In abu biyu suna gogar juna dole ɗaya ya ci, gara mai arha ya cinye a sāke shi, a bar sandar da ba a samun irinta.

Gardama mafi zafi a kan ɗan bututun nan aka yi ta. Mai walda, saurayi ne mai kaifin basira, ya ce tun da nan ne saki ya fi yawa, a kawo mota ya like bututun da sandunan biyu gaba ɗaya, a huta har abada. Alhaji ya ga kamar magana ce. Jikan ma ya gyaɗa kai.

Tsoho ya ce, "Yaro, in anka ɗaure raƙumi da turke da sandar ƙarhe, ba igiya ba, wa ka karyewa?"

Abin da ya ke nufi shi ne, mataki a jikin shasi ya ke, shasi kuwa ba ya motsi. Inji da giyabos a kan robobi su ke zaune, suna rawa, suna karkata duk sa'ad da aka ba da wuta ko aka faɗa rami. Bututun da finansa biyu su ne gwiwar da ke barin wannan ya motsa wancan yana tsaye. In aka like shi, rawar inji za ta bi ta hau ƙafar direba, mota ta riƙa tsalle wajen tashi, ƙarshe sanda ta tsage. Abin da a ke so shi ne fin ya cika hudarsa ta wajen murɗawa, amma bututun ya iya ɗan kaɗa kai. Aka yi sabon bututu a kan haka. Maganar ta kuma tuna masa da robobin inji, ya sa aka duba, aka tarar ɗaya ta narke da mai ta zauna, inji ya jirkice. Ba don an gani ba da duk awon da za a yi a kan karkatacciyar ƙasa za a yi shi. Aka sami mai kama da ita a wajen masu kayan manyan motoci aka sa.

Wani baduku kuma ya ɗinka 'yar riga ta jar fatar akuya, aka sa wa bututun bayan an cika shi da giris, aka ɗaure bakinta biyu. Fatar da a dā irin wannan mota ke rakawa zuwa jirgi, yau ga ta tana tsare ta daga ƙura.

Ranar ɗauri jikan ne a ƙasa, tsoho yana bisa tabarma yana kiran kaya ɗaya ɗaya daga kan buhu. Da aka gama, saura awo, sai ya yi shiru ya bar yaron. Shi kuwa ya yi ta ɗaure noti har saki ya ɓace sarai, mataki ya tsaya ƙyam, ana taɓa shi a ji nauyi. Ya fito yana murmushi, ya ce, "Kaka, taɓa ka ji. Ko sabuwa albarka."

Tsoho ya taɓa, ya ce, "Madalla. Ka kashe mata boris, ka ƙone mata faranti, duk kahin Salla."

Dalili kuwa shi ne, in babu sarari, boris yana jingine da 'yan yatsun murfi ko da ƙafa ba ta kan mataki. Zai yi ta juyi dare da rana ba hutu, kuma yana rage dannin da sifirin ke yi wa faranti, faranti ya riƙa sulɓi yana zafi. Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Sa'ad da faranti ke cinyewa da aiki yana sirancewa, 'yan yatsun murfi suna matsowa baya wajen boris, watau sarari yana raguwa da kansa. Cin gaɓoɓin waje yana ƙara sarari, cin faranti yana rage shi. Wani lokaci ɗaya ya rufe wa ɗaya asiri, direba ya ji mataki daidai alhali duka biyu sun lalace. Saboda haka ne ba a awo sai an gyara gaɓoɓi tukuna, kuma sararin da a ke bari guzuri ne na cin da faranti zai yi nan gaba.

Jikan ya koma ƙasa yana sassautawa rabin juyi rabin juyi. Alhaji ya riƙe rula, tsoho yana dannawa da yatsu biyu, ba da ƙafa ba, gama ƙafa ba ta jin inda nauyin sifirin mataki ya ƙare na kuloci ya fara. Ya rufe ido. Sau huɗu yana cewa a ƙara, sau ɗaya ya ce a rage. Da ya ce ya isa, Alhaji ya duba rula, kashi 3 cikin 4. Aka kulle notin.

Aka tada inji. Tsoho ya ce a taka, a ƙirga uku, a sa ribas. Ta shiga ba ko tari. Aka ja birkin hannu, aka sa giya ta huɗu, aka ba da wuta kaɗan, aka saki mataki sannu sannu. Inji ya shaƙe ya mutu nan take, alamar faranti yana kamawa da ƙarfinsa. Yaran unguwa suka yi sowa. Ƙannen Alhaji biyu da suka zo kallo ba su ce kome ba, ɗaya dai ya zagaya ya shafa murfin inji.

Suka fita ta hanyar Kware, suka gangara wajen gadar gulbi, suka juyo suka hau tudun birni. A tsakiyar hawan Alhaji ya nemi komawa giya ta biyu, sai ta yi ƙara ƙurrr. Gabansa ya faɗi. Tsoho ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya ce wannan ba ciwo ba ne, halitta ce. Giya ta uku da ta huɗu ne kawai ke da abin da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, ta ɗaya da ta biyu ba su da shi. Sai direba ya taka ya fitar da giya, ya saki, ya ɗan taɓa totur, ya sake takawa, kana ya sa. Mahaifinsa yana yin haka ba ya ko tunani, shi ya sa bai taɓa faɗa masa ba. Sau uku Alhaji ya gwada kafin ta shiga shiru.

Da suka dawo aka sake aunawa, gama sabbin gaɓoɓi sukan zauna bayan tafiyar farko. Sarari ya ɗan ƙaru, aka ƙara rabin juyi. Jikan ya rubuta awon da kwanan wata a ƙarƙashin rubutun kakansa, da sharaɗin a goge tsohon giris kafin a sa sabo, a kuma kafa rula a farkon hunturu da farkon damina. Magada suka zauna ranar Jumma'a aka yi wa motar kuɗi, ta faɗa kason Alhaji, azumi saura kwana tara.

Kafin tsoho ya hau kabu-kabu ya sa jikan ya sake leƙawa ƙarƙashin gidan babban faifan, ya ce akwai wata 'yar huda a can ƙasa, ya ga ko a buɗe ta ke. Yaron ya ce an toshe ta da wata ƙusa mai tiredi. Ya ce a cire. Da aka cire sai baƙin mai ya ɗiɗɗigo, kamar cikin cokali biyu. Hudar nan an yi ta ne domin man da ya zubo daga inji ko giyabos ya sami hanyar fita kada ya taru ya jiƙa faranti. Ba a toshe ta sai za a ratsa ruwa, in an haye kuma a buɗe. Watakila marigayin ya sa ta a wata damina a bakin wani mashigi, ya manta. Tsoho ya goge ƙusar da gefen tsumma, ya ɗaure ta da zare, ya ba Alhaji ya rataya a jikin makullin mota.